Fayafayen Art Blakey: wanne za ka fara saya, kuma wane bugu?

Art Blakey, makaɗin gangar jaz ɗan Amurka, ya jagoranci ƙungiyar Jazz Messengers tun daga tsakiyar shekarun 1950 har rasuwarsa a New York ranar 16 ga Oktoba 1990, kuma fayafayen da ke ɗauke da sunansa sun fi ƙarfin aljihun mutum ɗaya. Abin da ke rikita mai saye shi ne sunan da ke bangon faifai bai canjawa, amma mutanen ciki suna canjawa kusan duk bayan shekara biyu ko uku, domin al'adarsa ce ya ɗauko samari ya horar da su, in sun ƙware su kama gabansu. Saboda haka kafin ka biya kuɗi, juya bayan bangon ka duba shekarar da aka naɗi kiɗan da sunayen masu busa.

An haife shi a Pittsburgh ta Amurka ranar 11 ga Oktoba 1919. Da fiyano ya fara kafin ya koma ganga, ya yi aiki a babbar ƙungiyar Billy Eckstine daga 1944 zuwa 1947, sannan ya musulunta ya ɗauki sunan Abdullah ibn Buhaina. In ka ga Buhaina a jikin faifai, shi ɗin ne dai.

Wanda bai da ko ɗaya, ya fara da Moanin'. An naɗe shi ranar 30 ga Oktoba 1958 a situdiyon injiniyan sauti Rudy Van Gelder da ke Hackensack, kamfanin Blue Note ya fitar da shi. Lee Morgan ne ke busa ƙaho, Benny Golson saksafon, Bobby Timmons fiyano, Jymie Merritt kuma babbar garaya ta tsaye mai kaurin murya. Dalilin da ya sa muke sa shi gaba ba shahararsa kaɗai ba ce. Taken farko kira da amshi ne: fiyano ya yi kira, masu busa su amsa da gaɓa biyu, kunnen da bai saba da jaz ba ma nan take zai kama hanya. Kuma a nan ne ake jin hannun Blakey sarai. Kasa kunne ga farantan ƙarfe biyu da yake haɗawa da ƙafar hagu, suna cewa cas a bugu na biyu da na huɗu, ba sa kuskurewa. Sannan in mai busa zai miƙa wa wani, sai ya danna sanduna biyu a kan ƙaramar ganga, sautin ya taso daga ƙasa-ƙasa ya kumbura ya fashe daidai kan bugun farko. A dogon kiɗan gangar da ke cikin faifan za ka ji muryar ganga tana hawa tana sauka, irin yadda mai kalangu ke matse tsarkiya a hammata. Blakey ya shahara da danna fatar da gwiwar hannu don samun wannan. Tsofaffin bugu ba su da kalmar Moanin' a gaban bango, sunan ƙungiyar ne kawai da hoton fuskarsa. Lambar ce shaida: 4003, ko 84003 in mai sauti ta ɓangare biyu ne.

Babban abokin takararsa shi ne A Night at Birdland, wanda aka naɗa a gaban 'yan kallo ranar 21 ga Fabrairu 1954, tare da Clifford Brown, Lou Donaldson, Horace Silver da Curly Russell. Kashi biyu ne, sautinsa ta ɓangare ɗaya, da tafi da hayaniyar jama'a. Wanda busar ƙaho ta fi damu, wannan ne nasa, don Brown, mai busa ƙahon, ya rasu a haɗarin mota a 1956 yana da shekara 25, abin da ya bari ba yawa. Amma gangar ba ta fito fes kamar ta 1958 ba, shi ya sa ya fi dacewa ya zama saye na biyu.

A Night in Tunisia na da tarko. Akwai aƙalla fayafaye biyu masu wannan suna. Na Blue Note an naɗe shi a Agustan 1960 da Lee Morgan da Wayne Shorter, shi ne wanda ake yawan yabo. Ɗayan na 1957 ne a kamfanin Vik, da Bill Hardman, Jackie McLean da Johnny Griffin. Shi ma ba laifi, amma in na 1960 kake nema, tabbatar sunan Shorter na jiki.

Daga 1961 ƙungiyar ta koma mutum shida, masu busa uku: Freddie Hubbard, Shorter, da Curtis Fuller. Mosaic na 1961 ya fi tsari da natsuwa. Free for All kuwa, na ranar 10 ga Fabrairu 1964, wuta ce. Taken farko ya haura minti 11, Blakey yana dukan ganga har sautin yana ɗan tsagewa a wurare masu zafi. Wannan tsagewar daga naɗin asali take, kada ka mayar wa mai shago da faifai kana cewa ya lalace. A ganinmu shi ne ƙololuwar aikinsa, sai dai ba da shi ake yi wa baƙo maraba ba.

Akwai kuma fayafayen da ganguna suka mamaye. The African Beat na 1962 ya haɗa shi da Solomon Ilori ɗan Najeriya, da Yusef Lateef da Ahmed Abdul-Malik, har da wani take na Guy Warren ɗan Gana. Mutumin Afirka ta Yamma zai so ya fara da shi saboda sunan, kuma yana da daɗi, amma ba zai nuna maka abin da ya sa ake girmama Blakey ba, wato yadda yake ingiza mai busa daga baya. Mai neman alaƙarsa da Najeriya ya haɗa da ƙaramin faifan da Tony Allen, makaɗin Fela Kuti, ya fitar a Blue Note a 2017 don karrama shi, take huɗu ne. Na shekarun 1980 kuma, Album of the Year na 1981 da Wynton Marsalis ya wadatar.

Sai maganar bugu, inda kuɗi ke salwanta. Mafi arha kuma mafi kwanciyar hankali shi ne sidi na RVG Edition, jerin da Blue Note ya fara a 1999, wanda Van Gelder da kansa ya sake gyara sautinsa, galibi da ƙarin take. A faifan garmaho, jerin Classic Vinyl na Blue Note, mai nauyin giram 180, daga kaset ɗin asali aka yanka shi, kuma farashinsa bai kai na wani jerin kamfanin mai suna Tone Poet ba, wanda ya fi shi kyan bango. Ka yi hattara da sababbin fayafaye masu arha daga Turai waɗanda hoton bangonsu ya saɓa wa na asali kuma babu tambarin Blue Note. Haƙƙin mallakar naɗin da ya fito kafin 1963 ya ƙare a can, don haka kowa na iya bugawa, amma kaset ɗin asali ba ya hannunsu. Sau da yawa daga sidi suke kwafa, farantan ƙarfe su fito da ƙaiƙayi a kunne.

Bugun farko na masu tara kayan tarihi ne. Ana gane na Moanin' da adireshin 47 West 63rd a takardar tsakiya, da zurfin zobe a cikinta, da hatimin RVG kusa da ita, da wata alama mai kama da kunne. In za ka sayi tsohon faifai ta Discogs, shafin intanet na cinikin fayafaye, kada ka sauka ƙasa da darajar VG+, wato faifan da aka yi amfani da shi amma yana da kyau sosai, kuma ka nemi hoton gaba da baya a ƙarƙashin haske. Ƙarcen da farce ke ji, allura ma za ta ji shi a kowane zagaye.

Mai zaune a Kano ko Maraɗi sai ya ƙara lissafin yanayi. Zafi na lanƙwasa faifan garmaho, awa kaɗan a cikin mota da rana sun isa. A ajiye shi tsaye, ba a jibge ba, nesa da taga. Ƙurar hunturu na shiga layukan faifai ta sa shi ƙaras-ƙaras, don haka a share da burushi mai laushi kafin a ɗora allura. Garmahon da aka yi wa kasuwar Amurka wuta 120 yake sha, tamu kuwa ta kai 220 ko fiye, ba taransifoma zai ƙone; wasu ma ko an sa, juyinsu zai yi ƙasa domin lantarkinmu na bugawa sau 50 a daƙiƙa, nasu 60, sai kiɗan ya ja jiki muryar ƙaho ta sauka. Nemi wanda aka yi wa Turai ko Ingila. In kuma ta waya za ka saurara kafin ka yanke shawara, sa abin kunne mai kyau, don lasifikar waya na haɗiye muryar Merritt da babbar gangar ƙafa gaba ɗaya.