Aikin 'yan sanda a wurin hatsarin mota: abin yabo da inda ake samun tangarɗa

Cikin duk hidimar da 'yan sanda ke yi wa jama'a, ta wurin hatsarin mota ce aka fi ja musu tsaki a kanta, alhali a ganina ita ce ta fi cancantar godiya. Direban da ya maƙale a cunkoso abin da yake gani kawai shi ne an tare hanya, wasu suna ta kai da komo da tef ɗin awo. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum kusan miliyan 1.19 ke rasa ransu a kan hanya duk shekara, kuma a wurare da dama ɗan sanda ne ma'aikacin hukuma na farko da ke isa wurin.

Da isarsa, ƙwararre ba ya rugawa kan masu rauni, kuma tun daga nan mutane ke fara ganin laifinsa. Wurin yake fara tsarewa. Motar da ke gudun kilomita 100 a awa tana cin kusan mita 28 a daƙiƙa guda. Kafin direba ya hango matsala har ƙafarsa ta kai birki, daƙiƙa ɗaya da rabi ta wuce, ya riga ya ci mita 40, sannan yana buƙatar wasu mita 55 ko fiye kafin ya tsaya a busasshiyar kwalta. Shi ya sa a babbar hanya ake fara jera robobin gargaɗi tun daga nesa, fiye da mita 100, kuma idan akwai kwana ko hawa sai a sa su kafin kwanar. Motar sintiri a gicciye ake ajiye ta, fitilu a kunne, an karkatar da tayoyin gaba nesa da mutane, domin in wata mota ta dake ta kada ta tura ta kansu. Wanda ke jera robobin nan yana tsaye ne a tsakiyar titi, abin da ke kare shi rigar ƙyalli ce kawai. In aka tsallake wannan mataki, hatsari na biyu na iya fin na farko muni, domin a lokacin titi ya cika da masu taimako da 'yan kallo.

Sai masu rauni. A kashe injin, a hana shan taba kusa da man da ya zube, a tambayi mutum nawa ne a cikin motar, don wani lokaci akwai wanda aka wurgar cikin kwalbati ko ciyawa ba a gan shi ba. Wanda ya yi shiru ake fara dubawa, mai ihu ai yana numfashi. Inda jini ke kwarara a danne da ƙarfi da ƙyalle mai tsabta. Abin da ya fi haɗa ɗan sanda da jama'a rigima shi ne hana su jawo mutum daga mota ko cire wa ɗan babur hular kwano. Da kyakkyawar niyya suke yi, amma in ƙashin wuya ko na baya ya tsage, ja ɗaya na iya barin mutum a kwance har ƙarshen ransa. Sai in akwai wuta ko numfashi ya toshe ake gaggawar motsa shi. Ɗan sandan da ya iya tsayawa gaban mutum hamsin da suka fusata ya ce a jira motar asibiti, ba tare da ya ɗaga kulki ba, ya yi aikin da ya isa a jinjina masa.

Ɓangaren da na fi yabawa shi ne na adana shaida, domin shi ke raba mai gaskiya da mai laifi watanni bayan kowa ya manta. Kafin janwe ta taɓa komai, ana shata wurin tayoyi huɗu na kowace mota da alli ko fenti. Ana ɗaukar hoto daga nesa, sannan a matso kusa. Awo kuma daga abin da ba ya motsi ake fara shi, kamar turken lantarki ko bakin gada, don a iya sake zana taswirar wurin ko bayan shekara. Tarkacen gilashi yana ruɗar wanda bai saba ba, tunda gaba yake watsuwa bayan karon. Ƙwararre ya fi neman inda ƙarfe ya karce kwalta, don galibi nan ne ainihin wurin da aka haɗu. Sawun birki ma yana magana: mita 20 a busasshiyar kwalta na nuna gudun da ya kai kilomita 60 a awa, mita 40 kuma kusan 85. Hanya mai jiƙa lissafinta daban ne, motoci masu birkin ABS (wanda ke hana tayoyi kullewa in an taka birki da ƙarfi) kuwa sawunsu ba ya fita sosai, kuma motocin da ke wucewa suna goge shi cikin ɗan lokaci. Wannan ne dalilin rufe hanyar da ake ta ƙorafi a kai.

Shaidu ana ware su, kowa a ji nasa shi kaɗai, domin in suka tsaya suna hira labarin mai babbar murya ne zai zama na kowa. Gwajin barasa da na'urar numfashi ana ɗan jinkirta shi minti 15 zuwa 20 in direban bai daɗe da kurɓa ba, saboda ragowar da ke baki na ƙara adadi. In kuma aka bari sa'o'i suka shuɗe, jiki ya riga ya rage ta.

Hidimar tana da naƙasu, kuma ɓoye shi ba godiya ba ne. Ana samun jinkirin isowa, sau da yawa saboda mota ɗaya ce ke kula da yanki mai faɗi. Wani ya zo babu tef, babu safar hannu, babu ko tocila mai kyau, sai ya auna da taku, awon da lauya zai rushe cikin sauƙi a kotu. Rahoton da kamfanin inshora ke jira na iya ɗaukar makonni. Akwai kuma ƙarancin bayani: da za a ce wa direbobi "za mu buɗe layi ɗaya nan da rabin awa", da rabin fushin ya kwanta. Wanda kuma ya nemi a ba shi wani abu kafin ya rubuta gaskiya ya ci amanar abokan aikinsa, kuma kai ƙararsa ya dace. Duk wanda hatsari ya rutsa da shi ya karɓi lambar rahoto da sunan jami'in da lambar aikinsa, ya karanta bayaninsa kafin ya sa hannu.

Akwai aikin da ba a gani a titi, wato kai wa iyali labarin rasuwa. Inda ake bin ƙa'ida, sai an tabbatar da ko wane ne mamacin, a je mutum biyu, ido da ido, a faɗa da kalmomi bayyanannu, a zauna har wani ɗan'uwa ya iso. Daga nan jami'in ya koma bakin aiki ya ƙarasa darensa.

Mai son nuna godiya kada ya miƙa kuɗi, don zai iya ja wa jami'in tuhuma, ya kuma ɓata shari'ar. Ya bari a kammala bincike, sannan ya rubuta takarda zuwa ga shugaban ofishin, ya sa rana da lokaci da wuri, da suna ko lambar jami'in, da ainihin abin da ya yi, ko da danne jini ne na minti 20 har motar asibiti ta iso. A rundunoni da dama irin wannan takarda fayil ɗin jami'in take shiga, kuma ana iya duba ta ranar da ake maganar ƙarin girma.