Gidan tarihin Terror Háza a Budapest: ya dace a je ranar 23 ga Oktoba?

Ranar 23 ga Oktoba hutu ce a duk ƙasar Hangari, don tunawa da boren 1956, lokacin da ɗalibai da ma'aikata suka tayar wa gwamnatin kwaminisanci, har sojojin Tarayyar Sobiyet suka shigo da tankoki ranar 4 ga Nuwamba suka murƙushe su. Duk ɗalibinmu da ke karatu can ya kamata ya leƙa Terror Háza, wato "Gidan Ta'addanci", lamba 60 a titin Andrássy a Budapest, babban birnin ƙasar. Ginin nan shi ne ainihin hedkwatar 'yan sandan ciki na gwamnatin kwaminisanci, inda aka azabtar da mutane, kuma tun 2002 aka mayar da shi gidan tarihi.

Zuwa ba wuya: ka hau jirgin ƙarƙashin ƙasa na layin M1, ka sauka a tashar Vörösmarty utca. Bisa al'ada ranar hutun ana shiga kyauta, shi ya sa layi kan yi tsawo a waje. Ciki ma akwai cunkoso, kuma dalilinsa lif ne. Daga benen sama ake farawa ana gangarowa, sannan lif guda ke kai mutane kurkukun ƙasa, yana tafiya a hankali da gangan yayin da ake nuna bidiyon wani da ke bayanin yadda ake rataye fursunoni. Wannan shi ne wurin da ya fi taɓa zuciya, amma a turmutsitsi ba ka samun natsuwar saurare. Gara ka je ranar hutun ka ga kyandirorin da ake kunnawa ƙarƙashin hotunan waɗanda aka kashe, a jikin bangon waje, ka dawo ciki wata rana. Ban da Litinin, ranar a rufe yake.

Ka karɓi na'urar sauraro, domin yawancin rubutun bango da harshen ƙasar yake. Takardun Turanci da ke kowane ɗaki sun yi tsawo, ga duhu. Ka ware awa 2. An hana ɗaukar hoto.

Babban aibin gidan tarihin shi ne rashin daidaito: 'yan Arrow Cross, magoya bayan Nazi da suka riƙe ginin a 1944, ɗakuna kaɗan aka ba ta'asarsu, sauran duka na zamanin kwaminisanci ne.

Manyan kantuna ba sa buɗewa ranar hutun, sai ka yi cefane tun ranar 22.