Majigi, tabilet ko salula: me ya kamata lakwal ta saya wa yara masu buƙata ta musamman?

Duk lokacin da ɗan kuɗi ya shigo hannun kwamitin lakwal a Damagaram, majigi ne ake fara ambata. Yana da kwarjini, iyaye in sun gani sai su ce an yi aiki. Amma kafin a tafi Kasuwar Dole ko a aika Kano, a zauna da mushen ajin a tambaye shi waɗanne yara ne darasi ke wucewa. A aji guda za ka samu zabiya da ba ta ganin allo ko daga bencin gaba, da yaron da kunnensa ya yi nauyi tun bayan sanƙarau, da wanda ya kai CE2 yana juya b da d. Kowanne da abin da zai yi masa amfani.

Majigi na taimakon mai nauyin kunne, domin hoto da babban rubutu suna isa inda murya ba ta kai. Sai dai yana son kuran da duhu. A ajin zana rana ce ke cinye hoton, a ajin siminti kuwa rufe tagogi cikin zafin Afirilu azaba ce. Ƙurar hunturu ma tana toshe masa fanka. Makaho kuma bai ƙaru da komai ba. In babu wutar Nigelec tsayayya ko manyan faifan sola, ni dai ban ba da shawararsa ba.

Tabilet ta fi shi sauƙin sha'ani. Yaro na buɗe rubutu da yatsu biyu har ya kai girman da yake so, kuma akwai manhajoji na kyauta irin GCompris da ke aiki ba intanet, da wasannin haruffa da lissafi cikin Faransanci. Mai jinkirin karatu yana maimaita abu sau goma ba wanda ya yi masa dariya, wannan kuwa ba ƙaramin abu ba ne. Aibinta gilashi. Ta faɗi sau ɗaya, sai a yi ta neman mai gyara, musamman in samfurin da ba a sani ba ne a gari. A saya da riga mai kauri, a kuma zaɓi wadda ke karɓar katin memori.

Abin da aka fi rainawa shi ne salular Android, ko ta hannu ce, haɗe da ƙaramar lasifika. A cikinta akwai TalkBack, mai karanta wa makaho abin da ke kan fuskar waya. Ya fi haka ma, mushe na iya ɗaukar darasi da bakinsa, da Hausa da Faransanci, yaro ya saurara a gida. Zabiya kuma ta ɗauki hoton allo ta faɗaɗa shi a tafin hannunta. Ƙaramin faifan sola ya ishe ta caji, masu gyaranta kuma suna ko'ina daga Birni har Zango. Matsalarta ɗaya: takan bi babba zuwa gida ta zama tasa. A rubuta ta cikin kayan lakwal tun ranar farko.

Wa makaho, sauraro kaɗai ba ya koya masa rubutu. Allon Braille, wato rubutun makafi da ake shafawa da yatsa, da tsinkensa ba su son batir, ɗigo 6 ne ke ba da kowane harafi, kuma suna shekaru. Injin Perkins, mai buga rubutun Braille, ya fi sauri amma tsada gare shi da nauyi. Kwamfuta mai Windows da NVDA, manhajar kyauta da ke karanta wa makaho abin da ke kan fuskar kwamfuta, sai a bari sai ya shiga kwaleji.

Na'urar ƙara ji ta kunne kada a saye ta a tebur kamar tabarau. Sai likita ya auna jin yaron an saita masa ita, a kuma tabbata ƙananan batiranta na samuwa, don kwanaki kaɗan suke yi.

Ranar saye a tafi da mushen, in da hali har da yaron. A kunna na'urar a gaban mai shago, a fita da ita rana a ga ko rubutu na fitowa, a saka kati, a gwada caji, sannan a karɓi rasit mai lambar na'urar.