Zuƙo da allura ko gutsuro tsoka: wanne ya dace da ƙullutun nono?

Hajiya, kin ce ƙanwarki ta ji ƙullutu a nono, wani likita ya ce a zuƙo da allura, wani kuma ya ce sai an gutsuro tsoka, shi ne kike tambayar bambancinsu. Allah ya ba ta lafiya.

Duka biyun da madubin likita ake duba su, sai dai abin da ido ke gani ya bambanta.

Na allurar shi ne saitoloji. Siririyar allura ake sokawa a zuƙo ƙwayoyin halitta, a shafa kan gilashi, a rina. Ba ɗinki, kuɗinsa kaɗan, sakamako kuma ba ya daɗewa. Dangin gwajin bakin mahaifa ne, wanda Dakta Papanicolaou ya fara bayyanawa a Amurka a 1928. Kamar a kawo miki tubali ne a kwando: za ki gane mai kyau da ruɓaɓɓe, amma ba ki ga ginin ba.

Na tsokar, wato histoloji, ginin ake kawowa. Ana jefa naman cikin wani ruwan magani mai suna fomalin don kada ya lalace, a daskarar da shi cikin kaki, a fere shi siriri, kaurin maikiron 3 zuwa 5 (maikiron dubu ne ke yin milimita ɗaya), sannan a rina da launi biyu, shuɗi da ruwan hoda. Wannan hidimar ce ke cinye kwanaki, wani lokaci har makonni. Ladan jiran kuwa, a nan ake ganin ko sankarar tana zaune cikin bututun nono ko ta fasa ta shiga naman gefe, abin da allura siririya ba ta iya nunawa. A jikin tsokar nan kuma aka fi yin gwajin ER, PR da HER2, masu nuna maganin da ciwon zai ji.

Ga maƙoƙo ko kaluluwa, sau da yawa da siririyar ake farawa. Amma ƙullutun nono mai tauri da likita ke zargi, ni na fi karkata ga tsoka. Ba ma lallai a yi tiyata ba, akwai allura mai kauri da ke ciro zaren nama bayan an kashe zafin wurin.

Maganar da ake yi cewa in ƙarfe ya taɓa daji sai ya bazu, kada ta hana ta zuwa. Jinkirin ne ke ba shi fili. In an miƙo muku kwalbar ku kai ɗakin gwaji, ku tabbatar naman ya nutse cikin fomalin, ba ruwan gishiri ba, ku kai a ranar.