Tsofaffi ko takardu, ina za ka tono asalin gidanku?

Idan neman salsalar gidanku ya shiga ranka hanya biyu ce, ko ka zauna gaban tsofaffi ko ka bi takardu.

Ni dai wallahi tsofaffi na fi so a fara da su tun suna raye. Ka je wajen Goggo bayan la'asar da ɗan goronka, ka kunna rikodin a waya, za ta zayyano maka wa ya haifi wa, daga ina aka taso, dalilin tsagar fuskar gidanku, har kirarin kakan kakanka. Matsalar dai ba sa riƙe shekara, sai ta ce "lokacin yunwar Kakalaba" ko "kafin Turawa su ci Kano", kai za ka gano ta farko wajen 1914 ce, cin Kano kuma 1903. Zancen bauta kuwa tsallake shi suke yi.

Takardu akwai su a Gidan Ɗan Hausa a Kano da National Archives (gidan adana takardun tarihi na ƙasa) a Kaduna, rahoton gunduma, lissafin haraji da jangali. Shekara tsaf, amma sunan hakimi da dagaci za ka fi gani, na talaka manomi da wuya, balle mata. Ga kuɗin mota in daga irin su Ringim ko Dambatta za ka taso, kuma yawancin takardun da Turanci ne.