Hattara da wani mai sayar da sola, ya cinye min miliyan 1 da dubu 450

Naira miliyan 1 da dubu 450. Ribar ƙanƙara da lemon da nake sayarwa a Mabera, haɗe da dubu 400 da na ranta a wurin yayana, wani mutum ya karɓe duka ya bar ni da akwatin ƙarfe da bulo a ciki. Wallahi ina rubutun nan hannuna na rawa.

Kowa a Sakkwato ya san abin da fetur ya yi mana tun da aka cire tallafi ranar 29 ga Mayun 2023. Litar da muke saye ƙasa da naira 200 sai da ta haura dubu a 2024. Firiza biyu gare ni, janareta ke cinye ribar tun kafin ta shigo aljihuna, ga rana Allah ya hore mana, a Afrilu zafi na wuce digiri 40. To me zai hana in nemi sola? Kada wani ya ce kwaɗayin araha ne ya ja min. Sai da na zaga Babbar Kasuwa na ji farashi, nasa bai yi ƙasa sosai ba. Na bincika.

Har shagona ya zo. Ya auna rufin kwano, ya duba firizojin, ya ce fanel huɗu masu wat 550, inbata, da batirin litiyam za su riƙe su har asuba. Aka kira la'asar muka yi salla sahu ɗaya, kafaɗa da kafaɗa. Da muka fito ya kama hannuna ya ce, "Alhaji, ni da kai amana ce, ina zan je in bar Sakkwato?" Maganar nan ita ke hana ni barci. Amana ce. Mutumin da kuka yi sujada tare ya dubi idonka ya ce amana, wa zai ce masa kawo shaida?

Da mai gyaran wuta na unguwarmu ya buɗe batirin, ƙananan tsofaffin batura ne aka jera aka ɗaure da waya, sai bulo biyu a naɗe da kwali don ya yi nauyi. A waje an manna takarda sabuwa fil. Fanel ɗin kuma ya ce min mai wat 550 tsawonsa ya haura mita biyu, nawa ko kusa ba su kai ba. Kafin nan ma, daren farko, firiza ta mutu tun kafin isha'i, na kira shi ya ce batirin ne bai gama cika ba, in ba shi kwana uku. Af, ban faɗa ba, kuɗin ma kashi biyu na tura, dubu 900 sannan dubu 550, kuma asusun sunan wani ne daban, ya ce na ƙaninsa ne mai POS. Ranar da ya ce amana ɗin nan ce na tura dubu 900.

Yanzu layinsa a kashe, shafinsa na Facebook ya ɓace, shagon da ya nuna min a hoto ashe na wani bawan Allah ne da bai ma san shi ba. Miliyan 1 da dubu 450, ga bashin yayana a kaina, ga ni na koma sayen fetur a galan. Na kai ƙara wurin 'yan sanda. Hotunan hirarmu ta WhatsApp, shaidar tura kuɗin da bidiyon bulon duk suna wayata, zan saka su da daddare kowa ya gani. Ban yafe ba, Allah ya isa tsakanina da shi.

Ku dai kada ku tura kuɗi asusun da ba sunan mai kaya ba, kuma ku sa mai gyaranku ya gwada batir ya auna fanel kafin ku biya ko sisi.