Wata shida da sabuwar mota: tuƙi ba laifi, amma an tauye mudu

Tsohuwar motata shekara 11 muka yi tare, da ta fara cin kuɗin gyara kamar ba gobe sai na ce to bari dai in sauya, kuma tunda ban taɓa kuka da ita ba sai na koma na ɗauko irinta sak, kamfani ɗaya suna ɗaya, sabon yayi kawai. Yanzu wata shida kenan ina hawa.

Gaskiya a tuƙi ba ni da ta cewa. Inji shiru kamar ba a kunna ba, mai ba ta sha kamar waccan, birki na kamawa da kyau, ga kyamarar baya da ta raba ni da murɗa wuya in zan yi ribas. In wannan kaɗai ake dubawa da na ba ta biyar cikin biyar na wuce abina.

Matsalar sai da na yi kusan wata biyu na fara ganinta. Da dare ne, na faɗa wani rami da ban gani ba, taya ta gaba ta dama ta yi ƙasa nan take. Ban ma damu ba wallahi, na ce minti goma sha biyar na sauya na tafi, na buɗe but na ɗaga shimfiɗar nan ina haskawa da fitilar waya, wayam. Ba safaya, ba jak, ba sifana. Abin da ke wurin wani farin soso ne da aka yi wa gurbi biyu, ɗaya da 'yar kwalbar ruwan faci ɗaya da ɗan famfon iska da ake jonawa a wajen caji. Na daure na karanta takardar, na ɗura ruwan, na kunna famfon yana ta gurnani, sai ga farin ruwan nan yana tsiyayowa ta gefen taya kamar madara. Ashe shi wannan ruwan hujin ƙusa kawai yake iya toshewa a inda taya ke taka ƙasa, in gefe ne ya tsage to sai haƙuri. Awa biyu da wani abu na yi a bakin titi kafin motar ja ta zo, ga yara a baya sun yi barci.

Da na koma wajen dila washegari, yaron da ya sayar min cikin ladabi yake cewa ai ranka ya daɗe yanzu duk haka suke zuwa, don a rage nauyi mota ta rage shan mai. Ba ƙarya ya yi ba, tun 2017 ƙungiyar masu motoci ta AAA a Amurka ta ce kashi 28 cikin ɗari na sababbin motocin shekarar ba sa zuwa da safaya. Amma me ya hana shi faɗa min ranar da yake ta nuna min yadda fitilun cikin mota ke sauya kala?

Daga nan ne idona ya buɗe na fara lura da sauran. Aljihun bayan kujerar direba babu, na mai zaman banza kawai aka bari, sai da 'yata ta zo saka littafinta ya zame ƙasa muka sani. Fitilar cikin akwatin gaba da ake ajiye takardu babu. Ƙugiyar rataya leda a but babu. Bonet da can da ka ɗaga yake tsayawa da kansa, yanzu sai ka laluba ka kafa masa sanda. Ba wanda zai fasa sayen mota saboda ɗaya daga cikin waɗannan, kuma ina ganin lissafin da masu ƙera motar suka yi kenan, abin da ba ka dubawa a wajen saye shi suke zarewa, sai ranar da hannunka ya kai wurin da ya saba ya ji babu.

Wanda ya fi ci min rai kullum shi ne abin murɗa AC da na ƙarar rediyo. A tsohuwar ko ban kalla ba hannuna ya san inda suke. Yanzu komai ya koma cikin sikirin, sai ka ɗauke ido daga titi ka dangwala nan ka dangwala can, in rana ta haske gilashin ma ba ka ganin komai sai shatin yatsunka. Wai ci gaba. Su dai sun huta da kuɗin madannai da wayoyinsu, sikirin ɗaya ya ɗauke duka, in ka ninka 'yan canjin nan da motoci dubu ɗaruruwa ai ba ƙaramin kuɗi ba ne.

Kuma ba ni kaɗai ba ne, abin ya zama ruwan dare. Lokacin ƙarancin cip, wato 'yan ƙananan sassan kwamfuta da ake sa wa mota, na bayan korona, a ƙarshen 2021, General Motors sun fitar da motoci da yawa ba na'urar ɗumama kujera, BMW kuma suka fitar da wasu samfura da sikirin da ba ya aiki da taɓawa. Wannan dai an san dole ce ta sa. Amma a 2021 ɗin Tesla suka cire abin tallafar ƙugu na kujerar fasinja a Model 3 da Model Y, shugaban kamfanin Elon Musk ya ce bayanansu sun nuna kusan ba a amfani da shi, sannan a 2023 suka fito da sabuwar Model 3 ba sandar tirafiketa, sai madannai a jikin sitiyari. Volkswagen a ID.3 da ID.4 madannin gilashi biyu kacal suka sa wa direba, in kana son sauke na baya sai ka fara taɓa wani wuri tukuna. BMW ma har sun gwada karɓar kuɗin wata-wata kafin kujerar da ka riga ka saya ta yi ɗumi, da surutu ya yi yawa suka janye a 2023. Surutun yana aiki fa, Ford ma a 2023 sun fasa cire rediyon AM, kuma hukumar gwajin haɗari ta Turai, Euro NCAP, daga 2026 ta sa madannai na zahiri ga hon, waifa, tirafiketa da fitilar haɗari cikin abin da take ba wa maki.

Ni dai uku da rabi cikin biyar zan ba ta. In za ka saya kar ka tsaya karanta takardar talla, ita abin da aka ƙara kawai take lissafawa. Ka je da tsohuwar motarka ka faka kusa da ita, ka ɗaga shimfiɗar but, ka buɗe bonet, ka zauna a baya ka shafa bayan kujeru, ka ce a bar ka ka rage AC kana tuƙi. Ni sai da na sayi safaya da jak da kuɗina daga baya, kuma da yake ba a yi mata gurbi ba tana nan kwance a tsakiyar but ta cinye kusan rabin wajen kaya, duk kwanar da na sha sai na ji ta ta gungura ta bugi gefe.